Ranar da Inna Ta Yi wa Mai Jita Guɗa

Ni ne auta a ɗakinmu, kuma a gida irin namu wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. Babban yayanmu ko sunansa Inna ba ta kamawa, in ya shigo gaisuwa a taƙaice take amsa masa tana kallon gefe. Ni kuwa tun ina ƙarami nake zama kusa da ita a bakin murhun banda a gidanmu na Guri, tana juya tarwaɗa a kan ragar waya, ina zuba mata surutu, tana ba ni amsa kamar sa'anta. Mahaifinmu masunci ne. Da ya rasu ina aji biyu a sakandare, da wannan bandar Inna ta riƙe mu. 'Yan kasuwa kan zo har ƙofar gida su ɗauka su kai Haɗejiya, kuma babu wanda ya taɓa dawo mata da kwando ya ce kifinta bai bushe ba.

Na yi karatu, na zama malamin makaranta a cikin garin Haɗejiya. Yayata mace, wadda nake bi, ta yi aure, aiki ya kai mijinta Abuja. A hutun farko da na je gidansu ne mijin nata ya kai ni silima. Kafin nan abin da na sani shi ne gidan kallo irin na unguwa: rumfar kwano, bencina, talabijin a kan teburi, janareta yana ƙugi a baya, zafi har sai ka cire hula kana fifita da ita. Sai ga ni a ɗaki mai sanyi, a kujera mai taushi, gaban allon da ya ninka bangon ajina. Na fito ranar ina tafiya a hankali, kamar wanda ya sauko daga jirgin ruwa.

A hutu na biyu na gano wani lambu na wata cibiyar al'adu, inda makaɗa kan yi wasa ranar Asabar bayan la'asar. Ba kalangu ba ne, ba kuma irin waƙar nan da ake haɗawa a kwamfuta mutum ya riƙe makirfo yana motsa baki ba. Mutum huɗu ne ko biyar, da jitar lantarki, da tarin ganguna da fayafayan ƙarfe, kowa yana gumi yana fitar da sautinsa a gaban idonka. Na so abin, har yau kuma ina son sa. Ban taɓa ɓoye wa kowa ba. In na dawo gida nakan ba abokaina labari a majalisa, kuma a majalisa magana ba ta kwana.

Wata Juma'a na je Guri gaisuwa, sai Baffa, ƙanen mahaifinmu wanda ya zama babba a gidan, ya kira ni zaure.

"An ce in ka je Abuja gidan rawa kake zuwa."

Na ce, "Baffa, kallo nake zuwa. Ba na rawa, ba na shan komai sai ruwa, kuma salla ba ta wuce ni."

"Malamin makaranta guda. 'Ya'yan mutane suna hannunka."

"Gaskiya ne, Baffa. Amma in kun ga wurin..."

"Ba zan gani ba."

Ya tashi ya shiga ciki ya maimaita wa Inna duk abin da ya ji, har da ƙari. Tana zaune a kan tabarma ta saurare shi har ya gama, ta ce ta ji. Ni kuma ba ta ce mini komai ba, ranar ko bayanta.

A lokacin idanunta sun yi nisa. Yanar ido ta rufe su duka biyun, na dama ya fi lalacewa. Da murya take gane mai sallama. Kifin da take sanin ya yi da kallo ɗaya, ta koma latsa shi da yatsa, har ta sha ƙonewa a kan waya. In aka yi maganar aiki sai ta ce ita ba mai sa mata wuƙa a ido. Yaya ce ta karya wannan taurin kan. Ta bugo waya ta yi kuka sosai, ta ce in Inna ba ta zo ba ita za ta kwaso 'ya'yanta ta dawo Guri ta zauna. Inna ta san za ta iya, sai ta yarda.

A dogon hutu muka tafi, tsakiyar damina. Ruwa ya yanke hanya a wuri biyu, sai da muka shiga kwale-kwale kafin mu kai inda mota take tsayawa. Ina riƙe da hannunta, mai tuƙin yana ratsa ciyawar kacala da mu, ita kuma tana faɗa masa inda zai bi. Ba ta ganin komai sai haske-haske, amma ta san ruwan nan tun kafin a haife shi.

An yi aikin idon dama da safe, washegari aka cire bandeji. Muna tsaye ni da Yaya a gabanta, likita yana gefe. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye yana zuba. Can ta tsaya a kan fuskar Yaya, ta daɗe tana kallo.

"Ashe kin yi furfura?"

Yaya ta fashe da dariya tana kuka. Inna ta juyo kaina, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai kuma, Auta, wannan tumbin na mene ne?"

Likitan Bahaushe ne, sai da ya dafa bango don dariya. Ya ba ta baƙin tabarau da maganin ɗigawa, ya kafa mata dokoki: ban da sunkuyo, ban da ɗaukar kaya, ban da zuwa kusa da hayaƙi. Ya ce mu dawo bayan mako biyu, daga nan kuma ya sake dubawa kafin ya sallame ta.

Zaman gidan Yaya ya yi mata wuya. Bene ne, hawa na biyu, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo. Matar da ba ta taɓa wuni hannunta babu aiki ba, an ce ta zauna. Ta kalli duk abin da ake kallo a gidan. Ta ƙare wa jikokinta kallo ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi wanda kowannensu ya ɗebo. Ta gano labulen falo yana da zane, ta gano tsagar da ke jikin bangon kicin wadda masu gidan ma ba su lura da ita ba. Da waɗannan suka ƙare sai ta koma taga tana kallon motoci.

Ranar da muka dawo daga ganin likita na farko, muna shan kunu, ta ajiye ludayi.

"Auta, wurin nan da Malam ya ce kana zuwa, a garin nan yake?"

Malam take kiran Baffa. Na ce a nan yake, kuma wuri biyu ne, ɗaya na fim, ɗaya na kiɗa.

"To ka kai ni."

Yaya ta ce, "Haba Inna! Me za a ce a gida?"

"Za a ce na je. Ni zan faɗa da bakina, ba sai an kai gulma ba. An kawo mini ƙarar ɗana lokacin ba ni da ido, na yi shiru don ban ga abin ba. Yanzu ga ido Allah ya ba ni. In mugun wuri ne ni zan hana shi, ba Malam ba."

Na ɗan ji tsoro, ba zan yi ƙarya ba. Amma daɗi ya fi yawa. Na buga wa likita na tambaye shi ko hasken allo zai cutar da ita. Ya ce babu komai, in ta ji idon ya gaji ta sa tabarau. Sannan ya tambaye ni sau biyu ko da gaske nake.

Ranar Laraba bayan azahar muka je silima, ni da ita. A saman wani katafaren kanti take, sai an hau matakalar nan mai tafiya da kanta. Na miƙa hannu zan riƙe ta, ta ture. Ta tsaya gefe ta kalli mutum uku sun hau, ta tattare zaninta, ta yi bisimilla, ta ɗora ƙafa. Har muka kai sama ba ta dubi ƙasa ba. Na sayo mata gugguru, ta ɗanɗana ta ce sukarin ya yi yawa, amma ba ta ba ni ba.

A ciki sanyi ya sa ta ƙara naɗe mayafinta. Da aka kashe fitilu ta ce, "To, nan ma sun ɗauke." Kafin in ba ta amsa allon ya kama, wani kogi ya cika bangon gaba ɗaya, ƙarar ruwa ta taso ta ko'ina har ta bayanmu. Na ji ta kama hannun kujera.

Da gangan na zaɓi fim ɗin. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne a wata ƙasa mai sanyi, ubansu ya mutu ya bar musu jirgin kamun kifi ɗaya. Babban yana so a sayar, ƙaramin ya ƙi, uwarsu tana tsakiya. Da Turanci ake yi, sai na matsa ina fassara mata a kunne. Ba a yi nisa ba ta ɗaga mini hannu.

"Yi shiru, ina gani. Wannan mai gemun shi ne babba, kuma matarsa ce take zuga shi."

Haka ne kuwa, ko da yake ba a riga an nuna ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne Inna ba ta san a silima ba a magana ba. Da ƙaramin ya jefa raga, ta ce da ƙarfi, "Wannan bai iya ba, a dunƙule ta faɗa!" Da uwar ta ɗauki wuƙa tana gyaran kifi, ta ce, "Yauwa, ita wannan 'yar masunta ce." Wani saurayi a layin gabanmu ya juyo a fusace zai yi magana. Ya ga tsohuwa da mayafi da kwalin gugguru a cinya, sai ya mayar da kansa. Can da ta sake yin wani sharhin na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe yana jin Hausa.

Akwai wurin da na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙaramin ya haɗu da yarinyar da yake so a bayan wani shago, suka rungume juna, kuma ba su tsaya nan ba. Fuskokinsu kowace ta kai girman ƙofar zaure. Na dubi takalmina. Inna ta dubi guggurunta. Da abin ya wuce ta ce a hankali, ba tare da ta kalle ni ba, "Ashe Malam bai yi ƙarya duka ba." 

Kusa da ƙarshe hadari ya taso, ƙaramin yana cikin ruwa shi kaɗai. Inna ta ce ya tafi, ba zai dawo ba. Ta fara salati. Sai ga babban ya biyo shi a jirgin wani, ya ciro shi da rai. Da aka kunna fitilu na ce, "Inna, yau kin faɗi. Bai mutu ba."

"Tausayinsa suka ji. A ruwan gaske wanda ya tsaya a bakin jirgi haka, iska tana kaɗawa, sai dai a nemi gawarsa."

Muka sauko. Sai da muka shiga mota ta ce uwar nan ta tuna mata da shekarar da mahaifinmu ya rasu, lokacin da aka zo ana cewa a sayar da komarsa da jirginsa. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Ta ba ni shi daga nan har gida, da wanda ya ce a sayar, da abin da ta ce masa.

Ranar Asabar Yaya ta ce ba za a bar ta a baya ba, sai muka tafi mu uku bayan mun yi la'asar. Lambun ya cika. Akwai 'yan mata da wando, akwai Turawa da 'ya'yansu a kafaɗa, akwai ma'aikata da suka kwance wuyan riga. A can gefe kuma ga Buzaye masu gadi sun fi ashirin, da rawunansu, sun zo daga unguwanni daban-daban don an ce 'yan garinsu za su yi wasa. A tsaye ake kallo. Wata yarinya mai aikin wurin ta hango Inna, ta ruga ta kawo kujerar roba, ta ajiye mata a gaba ta gefen dama, nesa kaɗan da lasifika. Inna ta sa mata albarka, ta zauna, ta gyara baƙin tabaranta kamar wata babbar baƙuwa.

'Yan Legas ne suka fara. Su huɗu, duk da baƙaƙen kaya, mai waƙar gashinsa har kafaɗa. Mai ganguna ya buga sandunansa sau huɗu, sai ƙara ta faɗo mana gaba ɗaya. Irin ƙarar nan ce da ba a kunne kaɗai kake jin ta ba, har a ƙirji da tafin ƙafa. Yaya ta toshe kunnuwa. Mai waƙar ya kama makirfo da hannu biyu, ya lanƙwashe, ya kurma ihu.

Inna ta jawo rigata. Na sunkuya.

"Wa ya mutu masa?"

"Ba kowa, Inna. Haka waƙar take."

"To Allah ya sawwaƙe."

Na ɗauka za ta ce mu tafi. Amma da na sake dubanta, ba mai waƙar take kallo ba, ta kafe mai ganguna da ido. Siriri ne, ya cire riga, hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu kowanne yana aikinsa daban. Ta daɗe tana kallonsa. Da suka tsaya ta ce, "Wancan na bayan shi ne mai gidan. Sauran duk a kansa suke tsaye. In ya saki, sun zube." Na shekara uku ina zuwa wurin nan ban taɓa faɗin abin da ya kai wannan daidai ba.

Sai 'yan Agadas suka hau. Su ma huɗu ne, da manyan riguna masu sheƙi da rawani, jita uku da mai ganguna. Babbansu dogo ne, ba ya murmushi, ya rataya farar jita. Ba su yi ihu ba. Ya fara shi kaɗai, a hankali, yana maimaita ɗan gajeren karin kiɗa ɗaya, yana juya shi, yana dawowa kansa. Na biyu ya shigo ta ƙarƙashinsa. Aka fara tafi. Kiɗan ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan, kamar ruwan kogi a watan da yake cikowa, ba ka ganin lokacin da yake ƙaruwa sai dai ka ga ya kai maka gwiwa. Buzayen nan masu gadi suka matso gaba, suka buɗe hannuwa, suna taka rawarsu ta ƙasaita, ba gaggawa.

Na ga ƙafar Inna tana motsi a ƙarƙashin zani. Ta ce, "Wannan ai gurmi ne aka sa wa wuta."

Kiɗan ya yi sauri. Dogon ya matso bakin dandamali, ya rufe ido, yatsunsa suna gudu a wuyan jitar, sautin yana ta hawa yana sirancewa har ya kai inda kake jin ba zai iya wucewa ba. A daidai nan Inna ta cire tabarau, ta kama hancinta, ta rangaɗa guɗa.

Na san guɗar Inna. A bikin Yaya an ce har bakin kogi aka ji ta. Amma rabon da ta yi tun kafin idonta ya rufe. Ta ratsa jita uku da ganguna da lasifika, ta fita sama da su duka. Mutane suka juyo. Yaya ta rufe fuska da mayafi. Dogon ya buɗe ido yana neman inda abin ya fito, ya gan ta a kan kujerar roba. Sai ya juyo da jitar wajenta, ya matse wata waya can ƙasa, ya girgiza yatsansa, jitar ta yi guɗa. Wallahi guɗa ta yi, da karkarwarta da komai.

Inna ta ce, "Au, haka ne?" Ta sake yi, ta fi ta farko tsawo. Ya amsa. Ta yi ta uku. Wannan karon ya biyo ta har numfashinta ya ƙare, ya ci gaba shi kaɗai kaɗan, sannan ya sauke hannu ya dafa ƙirjinsa ya rusuna mata. Lambun ya kaure da ihu da tafi. Buzayen suka zo suka kewaye kujerarta suna rawa. Ita kuwa ta mayar da tabaranta ta zauna daram, kamar ba ita ba.

Rana ta kusa faɗuwa suka sauka. Muna shirin tafiya sai ga dogon ya ratso mutane ya zo. Ya durƙusa a gabanta, ya gaishe ta da irin Hausarsu.

"Sannu Inna. Daga ina kika hito?"

"Daga Guri, ƙasar Haɗejiya."

Fuskarsa ta sake. Ya ce ya san Haɗejiya, yana yaro ya biyo babansa da raƙuma har fadamarmu da rani, ya sha ruwan kogin, ya ci kifin da bai taɓa cin irinsa ba.

Inna ta ce, "Ashe ku ne. Raƙumanku sun taɓa cinye mini wake kadada guda, har yau ba wanda ya zo ya ba ni haƙuri."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce to ga shi ya zo, a yafe musu. Ta ce ta yafe, amma ya riƙa cin abinci, ya rame da yawa. Aka kira magariba a wani masallaci can bayan katanga. Masu gadin suka shimfiɗa tabarmi a ƙarshen lambun, na bi su jam'i, shi ma dogon yana sahun gabana. Inna da Yaya suka yi tasu a ofishin yarinyar nan mai kujera.

A mota Yaya ta ce, "Inna, kin ba ni kunya yau."

"Kunyar me? Mutum ya yi abin kirki a gabanka, ka yaba masa. Haka aka koya mini."

Sai ta juyo kaina ta ba ni hukuncina. Ta ce na kiɗan ba ta ga abin hanawa ba, sai dai in riƙa tsayawa nesa da akwatunan nan masu ƙara kada in kurmance kafin in yi aure. Na fim kuma in riƙa tambaya kafin in shiga, don ba kowane abu ne ido ya kamata ya saba da shi ba. Na ce na ji, kuma na kiyaye, galibi.

Da likita ya sallame ta muka koma Guri. Gidan ya cika da 'yan barka. Baffa ya shigo da yamma, ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya yi mata murna da samun lafiya. Ba ta bari ya gama shan ruwa ba.

"Malam, na je wurin nan da ka ce. Duka biyun."

Ya ajiye kofin. Ya dube ni, ya dube ta.

"Ke da kanki?"

"Da ƙafata da idona. Akwai abin da ka faɗa daidai, na kuma gaya masa. Sauran kuwa kiɗa ne kawai, irin wanda ni da kai muka tsaya muka kalla a bikin kamun kifi muna da ƙuruciya. Har salla aka yi a wurin."

Baffa ya ɗauki kofinsa ya ƙarasa ruwan. Ba mutum ne mai janye magana ba, kuma bai janye ba. Ya ce shi dai har yanzu bai ga amfanin abin ba. Inna ta ce ba a ce ya gani ba. Daga ranar bai sake kirana zaure a kan wannan ba.

Makonni bayan nan, duk matar da ta shigo gidan sai ta ji labarin 'yan'uwa biyu da jirginsu. A bakin Inna labarin ya fi fim ɗin tsawo, matar babban ta ƙara mugunta, kuma a wasu ranakun ƙaramin yakan mutu. Labarin jitar kuwa ba ta cika bayarwa ba, sai in Yaya ta bugo waya ta tsokane ta.

Cikin masu zuwa sauraro akwai aminiyarta tun suna 'yan mata, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bayan gidanmu, wadda jikarta take jawowa da sanda don ita ma yana ta rufe mata ido. Shekara biyu 'ya'yanta suna fama da ita ta je asibiti tana ƙi. Da lokacin aikin idon Inna na hagu ya zo a hutu na gaba, sai ta aiko a gaya mini a tanadi wuri biyu a mota.

Da safen da za mu tashi na je ɗauko ta. Tana zaune a kan ƙullin kayanta, ta riga ta shirya tun asuba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ɗana, ina da magana. In an buɗe mini nawa idon, ni ba ruwana da masu jita, kunnena ba zai ɗauka ba. Jirgin ƙasa nake so ka kai ni in gani. Tun ina yarinya nake jin labarinsa."

Na ce in Allah ya yarda zan kai ta.

An yi musu aiki rana ɗaya, gado kusa da gado. Da likita ya ba da izini na ɗauke su su biyu zuwa tasha da hantsi. Muka tsaya a bayan shinge, kowace da baƙin tabaranta, har jirgin ya yi kuka ya fara motsi. Tsohuwar ta riƙa bin taragun da kai, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe ya shige kwana ya ɓace. Na ce to mu tafi, rana ta fara zafi.

Ta ce, "Wani zai zo?"

Na tambayi wani ma'aikaci, ya ce sai bayan azahar. Na faɗa mata. Ta dubi Inna, Inna ta dubi wata inuwa a gindin bango, ta kwance ɗan zanin da ta yafa a kafaɗa ta shimfiɗa musu. Na tafi neman ruwan sanyi.